Harafin da Ke Ɓatan Dabo: Shekaru Arba'in Ana Neman Ma'ajin Ofis

A farkon Oktoban 2018 kamfanin Microsoft ya saki sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, cikin 'yan kwanaki kuma ya janye ta, saboda tana goge wa wasu mutane fayiloli. Ran 13 ga Nuwamba aka sake sakin ta, sai ga ta da wani ciwon daban. Ma'aikaci zai kunna kwamfuta da safe ya tarar da jan tambarin X a kan harafin da ya saba buɗewa ya ɗauko takardun ofis, ko H: ne ko S: ko Z:. Kamfanin bai musa ba. Ya wallafa wani gajeren jerin umarni na PowerShell, ya ce a sa shi ya riƙa gudana duk lokacin da mutum ya shiga kwamfuta, don ya sake ɗaura haruffan da suka kunce. Da haka aka lallaɓa har gyaran gaske ya iso a watan Disamba.

Masu kula da kwamfutocin ofis sun yi tsaki, amma ba su yi mamaki ba. Koken da ya fi kowanne yawa a teburinsu tun fil azal shi ne na wanda ya bugo waya hankali a tashe yana cewa ma'ajinsa ya ɓace, ko sama ko ƙasa. Kuma kusan kullum babu fayil ko ɗaya da ya motsa daga inda yake. Takardun suna can kwance a kan sabar ofis, a wata folda mai cikakken adireshi irin \\sabar\kuɗi. Harafin laƙabi ne kawai da Windows ke maƙala wa wannan adireshi, kuma ba ta maƙala shi don kwamfuta gaba ɗaya, sai don mutumin da ya shigo, a wannan shigar da ya yi. Ya fita, laƙabin ya bi shi. Ya dawo, sai an sake ɗaura shi daga farko. Duk tarihin ɓacewar ma'aji tarihi ne na abubuwan da ke hana wannan ɗaurin yiwuwa, kuma abubuwan sun sauya ƙwarai daga jiya zuwa yau.

Haruffan sun girmi yawancin masu kuka da su. MS-DOS ta fito da su a 1981, ita ma ta gaje su ne daga CP/M: A: da B: na faifan fulofi, C: na faifan cikin kwamfuta. A 1983 Barry Feigenbaum na kamfanin IBM ya tsara SMB, wato ƙa'idar da kwamfuta ke bi ta roƙi wata kwamfutar fayil ta waya. A waɗancan shekarun kuma Novell NetWare ce ke jan zarenta a ofisoshi. Da yake DOS na tsayawa a harafin E: idan ba a ce mata ta wuce ba, sai NetWare ta kama F: ya zama ƙofar shiga sabar, umarnin MAP kuma ya raba sauran haruffa yayin da mutum ke shiga. Ɓangaren Microsoft na da nasa, net use, wanda har gobe ma'aikacin fasaha ke bugawa idan an kira shi.

A wancan zamani idan harafi ya ɓace, ƙarƙashin tebur ake shiga. Ofisoshi da yawa na amfani da siririyar waya irin ta eriyar talabijin, guda ɗaya tilo da ta ratsa kwamfutoci bi da bi, kowace ta sha daga jikinta ta wani ɗan ƙarfe mai siffar T, a kowane ƙarshen wayar kuma akwai ɗan murfi mai ƙarfin om 50. Mai shara ya ja kujera ya sassauta mahaɗa ɗaya, ko wani ya kwance murfin nan bai san amfaninsa ba, sai ofis kaf ya rasa F: a lokaci guda. Mai gyara ya ɗauki tocila ya bi waya da rarrafe, tebur bayan tebur, har ya gano inda ta rabu. Aikin na da wahala a gwiwa, amma laifin abu ne da ido ke gani, hannu ya taɓa.

Sannan aka wayi gari kwamfutar kanta ba ta da jikin da za a taɓa. Dabarar sassaƙa kwamfutoci da yawa a cikin inji ɗaya tsohuwa ce, IBM na sayar da VM/370 tun 1972, amma a manyan injunan da banki da jami'a kaɗai ke iya saye. VMware, da Diane Greene da Mendel Rosenblum da abokansu suka kafa a Palo Alto ta Amurka a 1998, ita ta sauko da abin kan kwamfutar kowa da kowa: Workstation a 1999, ESX na sabobi a 2001. VirtualBox ta buɗe wa jama'a a 2007, Microsoft ya biyo da Hyper-V a 2008. Daga nan sabar fayil ta zama baƙuwa a cikin wani inji mai masauki, kwamfutar ma'aikaci ma sau da yawa haka. Wayar da ake bi da rarrafe ta koma saiti a cikin manhaja: katin netwok na manhaja, mahaɗar wayoyi ta manhaja, duk a bayan allo.

An huta da ƙura, amma wuraren da abu zai iya tsinkewa sun ninka. Wanda ya girka VirtualBox bai taɓa komai ba, baƙuwarsa za ta tashi da adireshin 10.0.2.15, tana leƙen duniya ta bayan mai masaukinta. Intanet na tafiya lafiya lau, don haka mutum ya ɗauka komai daidai ne, amma kiran da kwamfutocin ofis ke yi wa juna da suna ba ya ketare wannan katanga. Ya rubuta adireshin lamba na sabar, folda ta buɗe. Ya rubuta sunanta, a ce ba a san ta ba. Maganin shi ne a juya katin zuwa tsarin gada, yadda baƙuwar za ta zauna a netwok ɗin ofis da nata adireshin kamar kowa, ko kuma a gyara mata inda take tambayar sunaye. Akwai kuma foldar da mai masauki ke ara wa baƙuwa kai tsaye, wadda VirtualBox ke nunawa a \\vboxsvr, VMware kuma a \\vmware-host. Wannan ba ta bin netwok ko kaɗan, tana rataye ne a jikin ƙananan manhajojin taimako da ake zuba wa baƙuwa, Guest Additions ko VMware Tools. An sabunta mai masauki an manta da su, harafin ya tafi, kuma babu irin binciken netwok da zai dawo da shi sai an sake girka su.

Wani abin ma har da ban dariya. VMware na barin a ƙara ko a cire kati alhali inji na aiki, don haka Windows ke lissafa katin netwok cikin abubuwan da ake iya zarewa, a wuri ɗaya da filashi, can ƙasan allo kusa da agogo. Ma'aikaci ya gama kwafar takarda, ya je cire filashinsa, hannu ya zame ya danna layin da ke sama. Nan take ya zare wa kansa netwok, haruffa suka mutu, idan kuma daga nesa yake aiki allon ma ya ɗauke. Sai mai kula ya shiga ta ɓangaren mai masauki ya mayar da katin. Layi ɗaya ne ke hana wannan, devices.hotplug a saita shi false, kuma da yawa sun koye shi ne bayan abin ya riga ya faru.

Amma inda kwamfuta marar jiki ta zo da ciwon da babu irinsa a da shi ne wajen hoton yanayi. Ana iya daskarar da inji gaba ɗayansa a wani lokaci, a ajiye, idan wani abu ya lalace daga baya a koma can kamar ba a yi komai ba. Ni'ima ce babba ga mai gwajin manhaja. Sai dai kowace kwamfuta da ke cikin Active Directory, tsarin rajistar ma'aikata da injuna da ya zo da Windows 2000, tana da kalmar sirri tata ta kanta, ban da ta mutumin da ke zaune gabanta, kuma a bisa al'ada tana canja ta duk kwana 30 ba tare da kowa ya sani ba. Idan aka mayar da inji kan hoton da ya kwana biyu, zai farka da tsohuwar kalma a hannu, kamar matafiyin da ya dawo kasuwa da tsofaffin takardun kuɗi bayan an yi canji. Sabar rajista ta ƙi shi, allo ya rubuta cewa amanar da ke tsakanin wannan kwamfuta da domen, wato rukunin injunan da ke cikin rajistar, ta rushe, kuma tun da ba a yarda da injin ba, babu ma'ajin da za a ɗaura masa. Shekaru da dama maganin da aka sani shi ne a fitar da injin daga domen, a kashe a kunna, a mayar da shi, a sake kashewa a kunna. Yau umarni ɗaya na PowerShell ya wadatar, Test-ComputerSecureChannel tare da -Repair, muddin mai gyara na da izinin da ya dace.

Agogo ma na da hannu. Kerberos, tsarin tantancewa da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT kuma Windows ta runguma, ba ya yarda da injin da agogonsa ya saɓa da na sabar da fiye da minti 5. Baƙuwar da aka dakatar ranar Juma'a aka tashe ta Litinin, ko wadda ke karɓar lokaci daga mai masaukin da agogonsa ya karkace, tana iya rasa haruffanta alhali waya lafiya, kalmar sirri daidai. A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa akwai ƙarin wani: idan janareta ya tashi, injuna duka suka farka tare, kwamfutar ma'aikaci kan riga sabar rajista da sabar fayil shiryawa. Ta nemi ma'aji ba ta samu ba, ta sa masa jan X ta wuce. Shi ya sa ESX da Hyper-V duka ke ba da damar jera wa baƙi layin tashi da jinkirin daƙiƙoƙi, sabar rajista a gaba. A ɓangaren Windows kuma akwai dokar da ke tilasta mata jiran netwok kafin ta bar mutum ya shiga.

Daga 2007 zuwa yau, mafi yawan ɓacewar da ta yi suna Microsoft ne da kansa ya jawo ta, kuma galibi da gangan, don tsaro. Windows Vista ta zo da tsarin UAC, wanda ke ba mai ikon gudanarwa katin shaida biyu a shiga ɗaya, ƙarami na aikin yau da kullum da babba na lokacin da aka ɗaga iko. Harafin da aka ɗaura da ƙaramin kati, babban ba ya ganin sa. Mutum na kallon Z: ƙuru-ƙuru a tagar fayiloli, ya buɗe manhajar girki da ikon gudanarwa, ita kuma ta rantse babu Z: a duniya. Sai a shiga rajistar Windows a ƙirƙiri EnableLinkedConnections a ba shi lamba 1, ko kuma, wanda ya fi tsafta, a ba manhajar cikakken adireshin foldar a huta.

Windows Server 2008 ta kawo hanyar raba haruffa daga tsakiya ta Group Policy, babu buƙatar rubuta jerin umarni da hannu. Ta rage wahala sosai, ta kuma zo da nata tarkon. Cikin zaɓuɓɓukanta akwai wanda ke goge harafi ya sake ƙirƙirar sa duk lokacin da doka ta gudana. Muddin a lokacin shiga kawai take gudana, babu wanda ya damu. Daga Windows 8.1 a 2013 aka fara gudanar da ita a bayan fage, kusan duk minti 90, sai mutane suka fara ganin taga ta rufe musu a fuska suna tsakiyar aiki. Fitowar 8.1 ɗin ce kuma ta sa wa tsofaffin jerin umarnin shiga jinkirin minti 5, don kada su nauyaya tashin kwamfuta. Ma'aikaci ya shiga ƙarfe takwas, babu ma'aji, ya kira mai gyara, kafin mai gyara ya hawo bene harafin ya bayyana da kansa, a bar mai kira da kunya. A Yunin 2016 kuma facin tsaro MS16-072 ya canja wanda ke karanto dokokin, daga asusun mutum zuwa asusun inji. Ofisoshin da suka taƙaita izinin karanta dokokinsu ga wasu rukunin ma'aikata kaɗai sun tashi washegari babu haruffa babu firintoci, har sai da aka ba injuna izinin karantawa.

Babban juyi shi ne na 12 ga Mayun 2017. A ranar WannaCry, manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kama kwamfutoci sama da 200,000, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila. Ta shiga ne ta wata ɓaraka a SMB na farko, zuriyar wanda aka tsara a 1983, duk da cewa Microsoft ya fitar da facin ɓarakar tun watan Maris. Ned Pyle, jami'in kamfanin mai kula da SMB, tun 2016 yake roƙon mutane su daina amfani da tsohon tsarin, ganin cewa SMB2 ya fito tare da Vista, SMB3 kuma a 2012. Bayan WannaCry aka daina roƙo. Daga sabuntawar 1709 ta ƙarshen 2017, sabuwar Windows 10 ba ta zuwa da SMB1 a yawancin nau'o'inta, kuma nau'in manyan kamfanoni da na makarantu suka daina yarda da shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri.

Abin da ya biyo baya shi ne tsofaffin akwatunan ajiya na netwok, da na'urorin sikana masu jefa takarda a folda, da sabobin Windows 2003 da aka mayar baƙi don kada a taɓa su, duk suka ɓace daga idon sababbin injuna. Nan ne sana'ar ta rabu biyu. Akwai gyaran minti biyu: a shiga jerin kayan Windows a mayar da SMB1, harafi ya dawo, mai gida ya yi murna. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, domin ƙofar da WannaCry ta bi aka sake buɗewa, kuma a kan inji mai masauki ɗaya inda baƙi goma ke zaune a netwok guda, wuta ba ta da nisan tafiya. Gyaran da ya cancanci sunansa ya fi tsada: a sabunta manhajar akwatin, ko a kwashe fayilolin zuwa sabuwar saba, ko in ya zama dole a killace tsohon injin a wani lungun netwok shi kaɗai. Manhajar Samba, da Andrew Tridgell ya fara rubutawa a Ostareliya a farkon shekarun 1990 kuma ita ce a cikin yawancin akwatunan nan, ta daɗe da iya SMB2 da SMB3. Sau da yawa zaɓin yana nan a shafin saitin akwatin, ba a dai taɓa kunna shi ba.

Annobar korona a 2020 ta kwashe ma'aikata zuwa gida, ta ƙara tsawon igiyar. Wanda ke haɗawa da ofis ta VPN yakan shiga Windows tukuna, sannan ya kunna VPN, alhali lokacin ɗaura haruffa ya riga ya wuce. Wasu kamfanoni suka koma ba wa ma'aikata teburin aiki na nesa ta Citrix ko VMware Horizon ko hidimar Microsoft da aka buɗe a 2019 wadda yanzu ake kira Azure Virtual Desktop. Da yawan waɗannan injuna ana rushe su ne da zarar mutum ya fita, a ba shi sabo fil gobe, don haka harafin da ya ɗaura da hannunsa jiya ya tafi tare da injin jiya. Sai an ajiye bayanansa a waje, da kayan aiki irin FSLogix da Microsoft ya saya a 2018, ko a bar doka daga tsakiya ta ɗaura masa kullum. Wanda kuma ya ɗora foldarsa a Azure Files ya so ya buɗe daga gida, yakan tarar kamfanin intanet ɗinsa ya toshe ƙofa mai lamba 445, wadda SMB ke bi. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro hanyar tura SMB ta ƙofa 443 ke nan.

Sayen VMware da Broadcom ya kammala a Nuwamban 2023, da sauyin tsarin lasisi da ya biyo baya, sun sa ofisoshi da dama kwashe baƙinsu zuwa Hyper-V ko Proxmox. Injin da aka yi wa ƙaura yakan farka da sabon katin netwok, tsohon adireshinsa na maƙale a jikin tsohon katin da yanzu ba ya nan. Windows kuma, ganin baƙuwar hanya, tana iya ɗaukar ta a matsayin netwok na bainar jama'a ta rufe rabon fayil. Idan sabar fayil ce aka yi wa haka, ofis kaf ya koma halin da ake shiga lokacin da murfin om 50 ya faɗi.

An sha yi wa harafin nan jana'iza. OneDrive da SharePoint da Google Drive sun kwashe kaso mai yawa na takardun ofis, kuma matashin da ya fara aiki bana zai iya shekara bai buɗe S: ba. Amma manhajar lissafin albashi da aka rubuta shekaru ashirin da suka wuce tana neman bayananta a harafi, takardun Excel na sashen kuɗi suna nuna juna da harafi, kuma babu manajan da ke son ya zama shi ne ya sa hannu a taɓa su.

Abin da gogaggen mai gyara ke yi yau bai da yawa, tsarin ne dai ya bambanta da na sabon shiga. Kafin ya taɓa komai yakan rubuta cikakken adireshin foldar a tagar fayiloli. Ta buɗe, to hanya lafiya, izini lafiya, matsalar ta ɗaurin harafi ce, sai ya duba doka da lokacin gudanarta. Ba ta buɗe ba, ya buga net use ya karanta lambar kuskure: 53 na nufin ba a ga hanyar ba, sai a koma kan kati da suna da ƙofa 445, 85 na nufin wani abu ya riga ya kama harafin, 1219 na nufin mutum ɗaya na ƙoƙarin shiga saba ɗaya da sunaye biyu. Daga nan ya dubi agogo, ya tambaya ko wani ya mayar da injin kan tsohon hoto. Sake girka Windows, wanda shi ne abin da mai gaggawa ke fara kawowa, yana can ƙarshen layi, kuma da wuya a kai gare shi.

Zagaye na gaba ya riga ya fara. Windows 11 mai lamba 24H2, da ta fito a Oktoban 2024, a nau'o'inta na ofis tana buƙatar kowane saƙon SMB ya zo da sa hannun tantancewa, nau'in Pro ma ya daina yarda da baƙo marar kalmar sirri. Tallafin Windows 10 kuma ya ƙare ran 14 ga Oktoban 2025, don haka baƙin da ke kanta ana ta ɗaga su zuwa 11. Duk mai kula da ofishin da har yanzu ke da tsohon akwatin ajiya a kusurwa, ya gwada inji ɗaya tukuna, ya buɗe wa akwatin asusu mai kalmar sirri, ya kunna masa sa hannu, kafin ya ɗaga sauran.